Motocin Safa na Birnin Landan: Tarihinsu, Ire-irensu da Yadda Ake Tafiyar da Su

1.0 Gabatarwa

Duk inda aka zauna ana maganar wahalar sufuri a manyan birane, shawarar da ta fi saurin fitowa daga bakin mutane ita ce a sayo sababbin motoci. Akan sayo su kuwa, a yi bikin ƙaddamarwa, amma kafin 'yan shekaru sai a tarar da yawancinsu a jibge a bayan gareji, tayoyi a sace. Wannan ne ya sa muka ga ya kamata mu duba wani birni da ya daɗe yana fama da harkar safa, don mu ga abin da ke raya ta da abin da ke kashe ta.

Birnin da muka zaɓa shi ne Landan, inda safa ta kusa cika shekara 200 tana aiki. Za mu fara da tarihin kamfanoni da hukumomin da suka riƙe harkar, sa'an nan mu duba ire-iren motocin da yadda ake gyaransu, daga nan mu bayyana yadda ake gudanar da aikin. Ra'ayin da muke so mu kafa shi ne cewa mallakar motocin ta sha sauya hannu, amma abin da ya fi tasiri a kan fasinja shi ne abubuwa uku: hannu ɗaya mai tsara hanyoyi da kuɗin mota, motocin da suka dace da wurin gyaransu, da kuma sanin inda kuɗin cike giɓi zai fito.

2.0 Tarihi

2.1 Zamanin dawaki

A ranar 4 ga Yuli, 1829, wani maƙerin kekunan doki mai suna George Shillibeer ya fara jigilar mutane daga unguwar Paddington zuwa Bank, watau tsakiyar kasuwancin birnin. A Faris ya ga wannan dabara. Dawaki uku ke jan keken, yana ɗaukar mutum 22, kuɗin tafiyar kuwa sule guda ne, abin da ya fi ƙarfin lebura a wancan zamani. Sabon abin da ya kawo shi ne, keken yana bin hanya sananna a lokaci sananne, kuma mutum na iya tsai da shi a kan hanya ba tare da ya kama wuri tun da farko ba.

Nan da nan wasu suka kwaikwaya, masu keke ɗaya ko biyu suka cika tituna suna rige-rigen fasinja. A 1855 aka kafa wani kamfani a Faris, wanda daga baya aka san shi da London General Omnibus Company, ko kuma General a taƙaice. Ya fara aiki a farkon 1856, kafin shekarar ta ƙare ya saye kekuna kimanin 600, watau wajen kashi uku cikin huɗu na dukkan waɗanda ke birnin. Keke ɗaya yana bukatar dawaki goma ko fiye a yini, domin sai ana sauya su. Saboda haka tun daga tushe babban nauyin kamfanin yana bayan fage ne: barga, harawa, hatsi da masu kula da lafiyar dabbobi.

2.2 Shigowar inji da rikicin 'yan kai-da-kai

A farkon ƙarni na 20 motoci masu inji suka fara maye gurbin dawaki. General ya shafa wa motocinsa jan fenti a 1907 don su fita daban, a 1908 kuma ya haɗe da manyan abokan gasarsa biyu, Vanguard da Road Car. Daga Vanguard aka gaji al'adar ba kowace hanya lamba. A watan Oktoba na 1911 General ya sallami kekensa na doki na ƙarshe. A 1912 kamfanin jiragen ƙarƙashin ƙasa ya saye shi, aka ware sashen ƙera motoci ya zama kamfanin AEC, wanda ya ci gaba da ƙera wa Landan yawancin motocinta har fiye da shekara 50.

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1922, sai ƙananan masu motoci suka sake ɓullowa, domin doka ba ta hana duk mai lasisi bin hanyar da ya so ba. Waɗannan sukan tattaru a kan hanyoyi masu riba a lokacin da jama'a ta fi yawa, su bar wa General hanyoyin gefen gari da tafiyar dare. Wani direban yakan sauke fasinjoji a tsakiyar hanya ya juya idan ya hango lodi a ɗaya hannun. Dokar 1924 ta ƙayyade yawan motocin da za su bi manyan tituna, amma ba ta warkar da ciwon ba.

2.3 Hukuma ɗaya

Maganin ya zo ne a ranar 1 ga Yuli, 1933, sa'ad da aka kafa hukumar da jama'a suka sani da London Transport. Ministan sufuri Herbert Morrison ne ya fara tsara dokarta, Lord Ashfield ya shugabance ta, Frank Pick kuma ya riƙe gudanarwa. An danƙa mata safa, da taragon titi, da jiragen ƙarƙashin ƙasa, a cikin da'irar da ta kai kimanin mil 30 daga tsakiyar birni. Hikimar abin ita ce ribar hanya mai cunkoso ta ɗauki nauyin hanyar da ba ta biyan kanta.

Daga nan hukumar ta yi ta sauya uban gida. A 1948 ta koma ƙarƙashin gwamnatin ƙasa. A 1970 aka miƙa ta ga majalisar birni, watau Greater London Council. A 1984 gwamnatin Margaret Thatcher ta karɓe ta, a shekarar 2000 kuma ta dawo hannun birni da sunan Transport for London, ƙarƙashin zaɓaɓɓen Magajin Gari.

3.0 Ire-iren Motoci da Gyaransu

3.1 Iri ɗaya, kayan gyara ɗaya

Motar farko da ta tabbatar da cewa inji ya fi doki ita ce samfurin B ta 1910, mai hawa biyu, saman a buɗe, mai kujeru 34. Fifikonta shi ne an ƙera sassanta bisa awo ɗaya, ta yadda abin da aka cire daga wannan zai shiga waccan. An ƙera wajen 2,900, kuma an kai kimanin 900 fagen yaƙi a Faransa da Beljiyam don jigilar soja.

Wannan aƙida ta iri ɗaya ta kai ƙololuwa da samfurin RT, mai kujeru 56, wadda ta fara aiki a 1939. Zuwa 1954 an ƙera kusan 7,000 na danginta, ta ƙarshe kuwa ba ta bar aiki ba sai a 1979. Da ita aka maye gurbin taragon titi, wanda aka daina a 1952.

Sai kuma Routemaster, wadda ta fi kowacce suna. An nuna ta farko a 1954, aka ci gaba da ƙerawa har 1968, jimilla 2,876, yawancinsu na Landan. Injiniyoyin London Transport ne suka zana ta tare da AEC da Park Royal. An yi jikinta da alminiyam, dabarar da aka koyo daga ƙera jiragen sama lokacin yaƙi, shi ya sa take ɗaukar mutum 64 a zaune amma ba ta kai RT nauyi ba. Doguwar cikinsu tana da kujeru 72. Injinta a gaba yake, ƙofarta a baya a buɗe, kwandasta na karɓar kuɗi mota tana tafiya. Ita ta maye gurbin safa mai jan wutar lantarki daga wayar sama, wadda aka daina a 1962.

3.2 Garambawul

Ba za a fahimci daɗewar waɗannan motoci ba sai an dubi wuraren gyaransu. Tun 1921 General ya buɗe babbar ma'aikata a Chiswick, a 1956 kuma aka buɗe ta Aldenham a arewacin birni. Bayan kowace shekara uku zuwa huɗu, mota za ta shiga Aldenham ko da lafiyarta ƙalau. A can sai a ɗage bodi daga kan ƙashin motar, kowanne ya bi layinsa. Injuna da giya kuwa Chiswick ake kai su.

Da yake gyaran bodi ya fi ɗaukar lokaci, sai aka tanadi rarar bodi da rarar ƙashi a ma'aikatar. Idan mota ta shigo, akan ɗauki lambarta a manna wa wata da aka riga aka gama, ta fita aiki ba da jimawa ba. Ta haka gareji ba ya zaman jiran motarsa. Amma wannan tsari yana da sharaɗi guda: dole kowane bodi ya hau kowane ƙashi na irinsa. Watau motar da ma'aikatar gyaranta tare aka tsara su, kamar takobi da kube.

3.3 Darasin motocin DMS

Abin da ke faruwa idan aka raba su ya bayyana a shekarun 1970. Tun bayan yaƙi hukumar ke fama da ƙarancin ma'aikata, har ta fara ɗaukar su kai tsaye daga tsibirin Barbados a 1956, daga baya kuma daga Jamaika da Tirinidad. Albashi ne mafi girman abin da ake kashewa, don haka aka ga cewa a cire kwandasta, direba ya riƙa karɓar kuɗi da kansa. Wannan yana bukatar mota mai inji a baya da ƙofa a gaba. Daɗin daɗawa, daga 1968 gwamnati ta fara biyan wani kaso na kuɗin sababbin motocin da suka dace da aikin mutum ɗaya. Sai hukumar ta bar zana tata, ta koma sayen abin da ke kasuwa.

Tsakanin 1970 da 1978 ta sayi Daimler Fleetline guda 2,646, waɗanda ta kira DMS. Matsala ta taso ta fuska biyu. Ta farko, ba a ƙera su don a riƙa raba bodi da ƙashi irin na Aldenham ba, kuma kanikawan gareji sun saba da cire sashe su aika Chiswick a ba su wani, ba su saba da irin kulawar da inji na baya ke bukata ba. Ga kuma ƙarancin kayan gyara. Ta biyu, tsayuwa a kowace tasha ta ƙaru, tun da mota ba ta tashi sai direba ya gama karɓar kuɗi da ba da canji. A 1979 aka fara sallamar su, wasu ba su cika shekara goma ba. Abin lura shi ne, da yawa daga cikinsu an sayar wa kamfanonin wasu garuruwa har da Hong Kong, suka yi shekaru suna aiki a can. Routemaster da aka sayo su don su gaje ta, ita ta ga bayansu, domin ba ta bar aikin yau da kullum ba sai ranar 9 ga Disamba, 2005. Ke nan ba za a ɗora wa motar laifin duka ba: an saye ta ne ba a shirya mata gida ba.

3.4 Motocin wannan zamani

Abin da ya kawar da Routemaster daga ƙarshe shi ne tsadar kwandasta da kuma dokar da ta wajabta wa safa ɗaukar masu keken guragu. Zuwa ƙarshen 2005 dukkan hanyoyin yau da kullum sun koma motoci masu ƙasan daɓe, marasa matakala a ƙofa. An gwada dogayen motoci masu gaɓa a tsakiya daga 2002 zuwa 2011. Daga 2012 aka shigo da New Routemaster guda 1,000, masu haɗa dizal da batir. Masu aiki da batir zalla sun fara da guda biyu a 2013, suka haura 1,000 a 2023. Jimillar motocin birnin ta haura 8,000, suna bin hanyoyi fiye da 600.

4.0 Yadda Ake Gudanar da Aikin

4.1 Tsarin kwangila

A watan Oktoba na 1986 aka saki harkar safa a sauran sassan Birtaniya, kowane kamfani ya zaɓi hanyarsa da kuɗinsa. Landan ba a yi mata haka ba. Tun 1985 aka fara ba da hanyoyi kwangila ɗaya bayan ɗaya, sashen safa na hukumar ya riƙa takara da kamfanoni masu zaman kansu. Daga baya aka rarraba sashen zuwa ƙananan kamfanoni, aka sayar da su tsakanin 1994 da farkon 1995.

Rabon aikin shi ne kamar haka. Hukuma ce ke zana hanya, ta faɗi yawan zirga-zirga, da irin motar da za a sa, da kuɗin da fasinja zai biya, kuma kuɗin aljihunta yake shiga. Kamfani, irin su Go-Ahead, Stagecoach, Arriva da Metroline, shi ke kawo motoci da direbobi da gareji, a biya shi bisa tafiyar da ya yi. Tun da ba yawan fasinja ake biyansa ba, direba ba shi da dalilin tsere ko zaman jiran lodi. Jan fenti ma sharaɗi ne na kwangila, shi ya sa baƙo ke zaton kamfani ɗaya ne.

4.2 Awon jira

A 2001 aka ƙara wa kwangilar lada da tara. An yi ta ta shekara biyar, da ƙarin biyu ga wanda ya kyautata. A hanyoyin da motoci ke zuwa a kai a kai, abin da ake aunawa shi ne rarar lokacin jira. Alal misali, idan jadawali ya ce mota kowane minti 10, matsakaicin jiran fasinja minti 5 ne. Idan kuwa motocin suka riƙa zuwa biyu-biyu kowane minti 20, yawansu bai ragu ba, amma jira ya zama minti 10. Wannan rarar minti 5 ita ake cin kamfani tara a kanta.

Dalilin zuwa biyu-biyu kuwa sananne ne. Motar da ta ɗan makara takan tarar da mutane sun taru, ta daɗe tana ɗauka, ta ƙara makara. Ta bayanta takan tarar da tasha babu kowa, ta yi sauri har ta cim mata. Saboda haka kowane kamfani yana da masu lura a ofis, suna ganin inda kowace mota take ta na'urar tauraron ɗan adam, suna umartar wannan direba ya dakata, wancan ya juya kafin ƙarshen hanya don a daidaita tazara.

4.3 Gudu da tsada

Akwai wani lissafi da ya kamata duk mai tsara safa ya riƙe. Mu ɗauka zuwa da dawowa, har da hutun ƙarshen hanya, minti 120 ne, ana kuma son mota kowane minti 6. Motoci 20 ake bukata. Idan cunkoso ya mai da tafiyar minti 150, sai an sa 25, da direbobinsu da mansu, alhali fasinja bai ga ƙarin komai ba. Don haka duk abin da ya rage ɓata lokaci kuɗi ne. Wannan ne dalilin keɓe wa safa layinta a kan titi tun 1968, da harajin shiga tsakiyar birni da mota, wanda aka fara da fam 5 a watan Fabrairu na 2003, da katin Oyster na wannan shekara, da kuma daina karɓar tsabar kuɗi a cikin mota a watan Yuli na 2014. Duk da haka matsakaicin gudun safa a birnin bai wuce mil 9 zuwa 10 a awa ba.

4.4 Kuɗin mota da giɓi

Yawan fasinja ya kai ƙololuwa a wajen 1950. Daga nan ya yi ta raguwa saboda yawaitar motocin gida da zaman kallon talabijin, har wasu sababbin RT suka yi shekaru a ajiye ba a sa su aiki ba. Yajin aikin mako bakwai na 1958 ya ƙara korar mutane. Raguwar fasinja takan jawo ƙarin kuɗi da rage motoci, su kuma su jawo wata raguwar. Zuwa farkon shekarun 1980 tafiye-tafiyen shekara sun sauko zuwa biliyan ɗaya da 'yan kai.

A watan Oktoba na 1981 majalisar birni, ƙarƙashin Ken Livingstone, ta rage kuɗin mota da kusan kashi ɗaya cikin uku, ta cike giɓin da harajin gidaje. Ƙaramar hukumar Bromley ta kai ƙara, a watan Disamba kotun ƙoli ta lokacin ta soke ragin, a Maris na 1982 kuɗin ya ninka. Sai bayan shekarar 2000, da aka zuba kuɗi aka ƙara motoci da hanyoyi, fasinja suka dawo sosai, har tafiye-tafiyen shekara suka haura biliyan biyu kafin 2010.

Amma fa safa a Landan ba ta biyan kanta. Giɓinta na shekara ɗaruruwan miliyoyin fam ne, ana cike shi daga rarar jiragen ƙarƙashin ƙasa da haraji da sauran kafofi. Raunin wannan ya fito fili a 2020, sa'ad da annobar korona ta kwashe fasinja, hukumar ta koma neman agajin gaggawa daga gwamnatin ƙasa.

5.0 Kammalawa

Mun ga cewa safar Landan ta kasance a hannun 'yan kasuwa, ta koma hannun hukuma, sa'an nan aka raba aikin tsakaninsu. Sau biyu aka bar kowa ya bi hanyar da ya so, a zamanin dawaki da kuma bayan 1922, sau biyun kuma aka ƙare da tattara ragamar wuri ɗaya. A sauran Ingila, inda aka saki harkar a 1986, fasinja sun ragu a manyan birane a lokacin da na Landan ke ƙaruwa. Babu shakka yawan jama'ar Landan da tallafin da ta samu suna da hannu a wannan bambanci. Duk da haka, yankin Manchesta ya koma tsarin kwangila irin na Landan tsakanin 2023 da 2025, Singafo ma ta ɗauki makamancinsa a 2016.

Ba mu ce tsarin ba shi da aibu ba. Yana da tsada, yana bukatar hukuma mai ƙwararrun ma'aikata da za su iya rubuta kwangila su kuma auna cikarta, kuma takarar kamfanoni takan matse albashi da hutun direbobi, abin da ƙungiyoyinsu suka daɗe suna kuka a kai. Abin da muke jawo hankalin mahalarta wannan taro gare shi shi ne jerin tambayoyin da tarihin ya nuna ya kamata a amsa kafin a sa hannu a takardar sayen mota: wa zai tsara hanya da kuɗi, a ina za a yi garambawul kuma da waɗanne kayan gyara, wane titi za a keɓe, kuma daga wace taska za a cike giɓi kowace shekara. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya, labarin DMS kuwa ya isa shaida.